Kwandon Debora

Shagon Saudatu yana unguwar Wambai a Suleja, tsakanin wani kemis da rumfar mai gyaran fanka, kuma kayan jarirai kawai take sayarwa: shawul, zanen goyo, bahon wanka, safa da hula, gidan sauro mai naɗewa, da 'yan rigunan nan da ko hannun babba ba ya shiga wuyansu. Shago ne da ake ciniki da ƙaramar murya. Mace za ta shigo da ciki ya kai mata har ƙirji, tana numfashi sama-sama, ta ɗaga riga ta juya ta ce, "Ƙanwata ce ta aiko ni." Saudatu sai ta ce, "Allah sarki, ki gaishe ta," ta naɗe kaya ta sa a leda. Kaf Suleja babu wanda ya yi wa ƙannen mutane hidima kamarta, kuma har yau ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haka sana'ar take. Ba a tambayar wata nawa ne, ba a cewa Allah ya sauke lafiya sai mai shi ta fara buɗe baki. Wata kuma za ta zaɓi kaya ta ce a ajiye mata, sai a ji ta shiru. Saudatu ba ta kira, ba ta aike. In ta ga an daɗe, sai ta kwance ledar ta mayar da kowane abu inda ta ɗauko shi. In suka haɗu a gidan biki, gaisuwa ce kawai da tambayar mutan gida. Ba wanda ya koya mata wannan. Sau ɗaya ta taɓa bin wata da tambayar kayan ajiya tun farkon buɗe shagon, ta ga abin da fuskar matar ta yi, ba ta sake ba.

Abin da ya kai ta ga neman shagon intanet ba son zamani ba ne. Rabin masu sayen kayanta a Abuja suke aiki, su fita kafin ta buɗe, su dawo bayan ta rufe. Sauran kuma sun mayar da wayarta kasuwa. Ta tura hoton shawul, a ce ta turo bayansa. Ta tura bayansa, a ce akwai ruwan ƙasa? Tana salla waya na kuka, tana tuƙa tuwo waya na kuka. Ranar da ta tura wa wata mata farashin baho a maimakon gaisuwar rasuwa, ranar ta nemi Kelechi.

Kelechi a unguwar Kurmin Sarki aka haife ta, nan cikin Suleja, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan gudu, sai dai tana tafe tana yayyafa mata Turanci. Aikinta haɗa wa 'yan kasuwa shafukan saye da sayarwa. Ta zo da kwamfutarta ta ɗora a kan katon ɗin kunzugu, ta ce abu na farko shi ne a zaɓi manhajar kwando.

"Kwando kuma?"

"Kwandon sayayya, Hajiya. Kamar a sufamaket. Kwastoma ta shiga, ta ga kaya, ta danna, ya faɗa kwandonta. In ta gama ta biya. Ke dai sai ki ji alat."

Guda uku ta kawo. Ta farko ba ta kai la'asar ba, domin kati kawai take karɓa, su kuwa matan Saudatu transfa suka sani, su tura, su ɗauki hoton shaida, su kuma kira su tabbatar an ga hoton. Saura biyu. Sunayensu na Turanci ne masu wuyar riƙewa, don haka Saudatu ta raɗa musu nata: mai shuɗi da mai kore.

Mai shuɗi ba ta da wani ado. Tana buɗewa ko netiwok na ja da ciki, tana karɓar transfa, ana iya rubuta mata kuɗin kai kaya Madalla daban, Zuba daban, Kubwa daban. Amma makauniya ce. Sai an biya take sanar da mai shago. Wa ya shigo, me ya taɓa, me ya ajiye, duk ba ruwanta.

Mai kore kuwa ta iya duk wannan, ta kuma ƙara da ido. Tun daga ƙofa take karɓar suna da lambar waya. Duk abin da mutum ya jefa a kwando, mai shago na gani, ko ba a biya ba. In kuma aka bar kwando ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, da kanta take tura wa mai shi saƙon tuni.

"Wannan ita ce kasuwa, Hajiya," in ji Kelechi. "Mutane da yawa sai su cika kwando, yaro ya yi kuka, ko data ta ƙare, su manta. Dis wan go folo dem, ita za ta bi su ta tuna musu. Me kike so ta riƙa ce musu? Faɗa da Hausa in saka."

A lokacin Saudatu tana auna wa wata mata zanen goyo, hankalinta rabi a can. Ta ce, "Rubuta: Uwar jariri, kin bar kayanki a kwando, suna nan suna jiranki." Kelechi ta rubuta, ta ƙara hoton wata 'yar safa a gefe. Magana ce da Saudatu ba za ta taɓa faɗa wa mace ido da ido ba, amma a lokacin kwamfuta take gaya wa, kuma kwamfuta ba ta da fuskar da za a duba.

Suka shirya a gwada mai kore tukuna, tunda akwai watan gwaji, kafin a yanke wadda za a zauna a kai. Saudatu ta tura adireshin shagon a guruf ɗin 'yan uwa da na matan unguwa, ta ce kowa ya shiga ya taɓa ya gani.

Aka shiga kuwa. Kawunta Mahmudu, wanda autarsa ta gama sakandare, ya zuba bahon wanka a kwando ya kira yana tambayar yadda ake fita. Wasu suka cika kwanduna da duk abin da ke shagon don su ga iyakar abin. Saudatu ta samu sabon abin kallo. In babu ciniki sai ta zauna a bayan kantar shago tana leƙa kwandunan mutane, tana dariya ita kaɗai. Ta san wadda ke zaɓar mai tsada ta cire, ta sake sakawa, ta sake cirewa. A da sai ta karanci fuska, yanzu ga shi a rubuce.

Ana cikin haka ta ga kwandon Debora.

Ba ta san wata Debora mai sayen kayanta ba, amma wannan ba abin mamaki ba ne. Hula ɗaya ce a ciki, fara, ta sabon haihuwa. Har za ta wuce sai idonta ya faɗa kan lambar wayar. Ba ta bukaci dubawa ba. Lambar ƙanwarta ce, Jannatu.

Jannatu malamar firamare ce, tana aure a Chaza. Auren ya daɗe har dangi sun daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. Sau ɗaya ta taɓa samun ciki, can baya, murna ta sa ta gaya wa kowa tun bai kai ko'ina ba. Da ya zube, gidan ya cika da mata. Kowace ta zo da labarin wata da ta yi shekaru kaza sannan ta haifi tagwaye, kowace ta zo da sunan mai magani. Bayan an watse Jannatu ta ce wa yayarta, ba kuka a muryarta, "Yaya, ɓarin bai yi mini ciwon jajen ba. In Allah ya sake ba ni, ba mai ji. In ya karɓe, ba mai ji." Tun daga nan ba ta sake ɗaga zancen ba, ko shagon ma ba ta cika shiga ba, daga bakin ƙofa take gaisuwa.

To ga shi yanzu Saudatu ta ji. Ba a gaya mata ba, ba ta tambaya ba, amma ta ji. Jannatu ta ɗauka kwandon intanet kamar na sufamaket ne, ba mai sanin abin da ke ciki sai an kai gaban mai karɓar kuɗi. Har sunan ƙarya ta saka don ƙarin tsaro, ta manta cewa yayarta ce ta saya mata layin.

Murna ta kama Saudatu har sai da ta shiga bayan labule ta zauna a kan katon. Abin da ya dace ta sani sarai: ta rufe shafin, ta manta. Ba ta rufe ba. Kullum in ta buɗe shago, kafin ta share ƙofa, sai ta leƙa Debora. Hula ta samu safa. Safa ta samu riguna. Wata rana baho ya shiga, washegari ya fita, aka sa ƙarami a madadinsa. Jannatu ba ta biya ba, ba ta kuma bar kwandon ya huce ba, kusan kullum sai ta ƙara wani abu ko ta sauya launi. Da ta zaɓi shawul ruwan ƙwai, wanda shi kaɗai ya rage irinsa, Saudatu ta sauke shi daga kantar shago, ta haɗa da sauran abubuwan ta ƙulle a leda ta tura can sama. A shafin kuwa ta bar shi kamar yana nan.

Ranar Juma'a suna haɗuwa a gidan Inna, mahaifiyarsu. Jannatu ta zo da hijabi mai faɗi, ta ƙi cin miyar da aka sa daddawa, ta ce ƙwannafi ke damunta. Saudatu ta ce lallai ƙwannafi ya yi yawa a garin nan. Ta kalli ko'ina ban da cikin ƙanwarta, har wuyanta ya gaji.

Kelechi ta leƙo ta tambayi yadda gwaji ke tafiya.

"Mai koren nan ta yi," in ji Saudatu. "Ita za mu ɗauka."

"Na gaya miki! Kin ga yadda oda ta ƙaru? Saƙon tunin nan kaɗai ya dawo da mutane da yawa."

Gaskiya ne, ciniki ya ƙaru. Amma ba shi ne dalilin Saudatu ba, ita ma ta sani.

Sai wata safiya ta leƙa ta tarar da kwandon yadda ta bar shi jiya. Ta ce ko data ce. Washegari ma haka. Ta ɗauki waya za ta kira, ta rasa abin da za ta ce ta kira yi, ta ajiye. Da hantsi Inna ta kira ta.

"Ƙanwarki ba ta jin daɗi. Mijin ya ce sun je asibiti, wai zazzaɓi ne. In kin samu sarari ki leƙa ta, ni ƙafar nan ta hana ni."

Daga muryar Inna ta gane tsohuwar zazzaɓin ta yarda da shi. Saudatu ta rufe shago. Zuciyarta ta ce ta yanka kaza ta yi farfesu mai yaji, ta dama kunun kanwa, abin da jikin mace ke bukata ke nan a irin wannan hali. Amma duk wadda ta shiga gida da farfesu da kunun kanwa ta faɗi abin da ta sani tun kafin ta yi sallama. Sai ta tsaya a bakin titi ta sayi lemo da ayaba, kayan dubiyar mai zazzaɓi, ta tari keke napep zuwa Chaza.

Nuraddeen, mijin Jannatu, ya buɗe mata ƙofa. Ya gaishe ta da ladabi, idonsa a ƙasa, ya ce bari ya je ya dawo. Jannatu tana kwance a ɗaki, an saki labule, fuskarta ta yi fayau.

"Sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya. Zazzaɓi ne."

"Yana yawo kam. Sauro ya yi yawa bana."

Saudatu ta zauna a bakin gado ta fara ɓare lemo. Suka yi zancen ƙafar Inna, da tsadar gas, da shugabar makarantar su Jannatu da ba ta son a ɗauki hutu. Yana tafiya daidai. Saudatu ta ƙware a irin wannan hira, ita ce sana'arta.

Sai wayar Jannatu ta yi ƙara a gefen filo.

Ta ɗauka ta duba. Daga inda Saudatu take zaune ba ta iya karanta rubutun, amma ta hango koren launi da hoton 'yar safa. Ba ta bukatar karantawa, ita ta tsara kalmomin tana auna zanen goyo. Duk tsawon lokacin da Jannatu ke ƙara kaya, manhajar ba ta ce mata uffan ba, domin kwandon bai taɓa hucewa ba. Sai yanzu da ta daina.

Jannatu ta daɗe tana kallon wayar, fiye da yadda layi biyu ke bukata. Sannan ta tura ta ƙarƙashin filo, ta juya ta fuskanci bango, ta ja zane har kunne.

"Barci nake ji, Yaya."

"To, ki huta."

Saudatu ta ajiye lemon da ta ɓare a faranti ta fita. Kunya ce ta rufe ta, da baƙin ciki, da haushin kanta, kuma babu ɗaya da take da damar nunawa a gidan. A cikin keke ta yi kukanta, mai keken ya ƙara sautin rediyo.

Ba ta koma shago ba, Kurmin Sarki ta wuce. Ta tarar da Kelechi a barandar gidansu tana cin gyaɗa tana aiki.

"Saƙon tunin nan, a tsayar da shi."

"Wani ya yi komplen ne? Ba matsala, minti ɗaya ne. Ko mu canza maganar."

"In kin kashe shi, zan ci gaba da ganin kwandunan mutane?"

"Sosai. Wannan ba ya tafiya, haka aka gina ta."

"To mai shuɗin nake so."

Kelechi ta ajiye gyaɗar. Ta yi bayani, kuma duk abin da ta faɗa daidai ne. Mai shuɗi ba ta nuna kayan da aka fi taɓawa, ba ta dawo da wanda ya manta, cinikin da ya ƙaru zai ragu. Ta ce in ganin ne matsala, ai sai Hajiya ta daina buɗe wannan shafin, ba wanda ya tilasta mata.

"Na gwada," in ji Saudatu. "Ban iya ba."

"Hajiya, wetin hapun?"

"Ba komai. Masu sayen kayana ba sa manta kwando, Kelechi. In suka bari, sun san dalili."

Kelechi ta dube ta. A Suleja ta girma, tana da yayye mata. Ta jawo kwamfutar.

"In na kwashe kayan na mayar can, duk kwandunan da ba a biya ba za su ɓace. Ba a dawo da su."

"Su ɓace."

Aikin ya ɗauki sauran yinin da washegari, domin sai da aka sake ɗora hotuna da farashi ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama, Saudatu ta hau kujera ta sauko da ledar da ke can sama. Ta kwance, ta mayar da hula wurin huluna, safa wurin safa, ƙaramin baho cikin 'yan uwansa. Shawul ruwan ƙwai ta kakkaɓe ta ninke ta mayar kan kantar shago, kamar yadda take yi wa na kowa.

Da ta sake komawa Chaza, Jannatu ta tashi zaune, tana tsefe kai a falo. Wannan karon ma lemo ta kai. Suka gaisa, suka taɓa zancen Inna. Can Jannatu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, hannunta na cikin gashi:

"Yaya, shagon nan naki na waya. In mutum ya zuba kaya a kwando bai biya ba, kina gani daga wurinki?"

Saudatu ta buɗe jaka ta ciro wayarta, ta shiga shafin mai shago, ta miƙa mata.

"Duba da kanki. Sai an biya yake zuwa mini. Ga su nan, waɗanda suka biya ne kawai."

Jannatu ta karɓa. Ta ja sama, ta ja ƙasa, ta shiga nan ta fita can, a hankali, kamar mai duba takardun jarrabawa. Sunaye ne na matan da suka biya, da unguwannin da za a kai musu. Ko ta lura launin ya sauya daga kore zuwa shuɗi, ba ta ce ba. Ta miƙo wayar, kafaɗunta suka sauka, ta saki wani dogon numfashi.

"Na ga wani saƙo ne ya shigo mini rannan," ta ce. "Wata malamar makarantarmu ce ta ari wayata ta shiga. Debora."

Saudatu ta mayar da wayar cikin jaka ta ja zif.

"Allah sarki," ta ce. "Ki gaishe ta."